La'adar Jan Ƙarfe

Babana Jatau naɗin koyil yake yi
a wata rumfa bayan kasuwar Sabon Gari.
Fanka ta ƙone, injin markaɗe ya yi shiru,
a kawo masa, ya shinshina, ya ce: "Ta ci la'ada."
A wurinsa kowace waya dillaliya ce,
ba ta kai wuta gidan kowa
sai ta yanki rabonta ta mai da shi zafi.
Da ƙaurin wannan la'ada na girma a hancina.

Yau ga ni a Samaru, ƙarfe biyun dare,
daga ni sai na'ura sai sauro.
Ina cigiyar wayar da ba ta cin ko kwabo,
wadda za a ba ta amanar wuta a Shika
ta sauke ta a Tudun Wada
ba ragi, ba ɗumi.

Masana sun ce akwai irinta, amma da sharaɗi:
ko sanyin da ƙanƙara ma za ta nemi bargo,
ko matsin da sai can wajen cibiyar ƙasa.
Sukan ɗauki ƙwayar da ba ta kai gero ba
su sa ta tsakanin lu'ulu'u biyu,
uwar maƙera sama, uwar maƙera ƙasa,
su matsa, su ƙara matsawa,
yadda Inna ke murza tunkuza
har mai ya tsattsafo yana ƙyalli.

Ni ba ni da lu'ulu'u.
Na'ura gare ni, da batir mai ciwon tsufa.
Na biya mata dubban haɗe-haɗen da aka gwada:
wanda ya yi, wanda ya ƙi,
wanda ya ruguje tun ba a je ko'ina ba.
Tun tana shirme irin na sabon yaron shago
mai miƙo filaya in an ce sukundireba,
har ta fara jin ƙamshin abin da ake nema.
In na tambaye ta dalili, ba ta da baki.

Sai na sake ta cikin dajin sinadarai.
Haidirojin da wannan, haidirojin da wancan,
dubu arba'in kafin shayina ya huce.
Ta sheƙe, ta bakace, ta ajiye mini goma sha ɗaya.
Tara ƙaiƙayi ne, lissafi ya tona su.
Ɗaya wasu sun riga mu tun shekara uku.
Saura ɗaya.

Daidai nan aka ɗauke wuta.

Dogara mai gadi ya hasko tocila ta taga:
"Malama, har yanzu ba ki samo mana ba?"
Na ce saura kaɗan.
Ya ce haka na faɗa masa bara.

Da safe na aika lambobin ƙetaren teku
wurin wata mai lu'ulu'u da ban taɓa ganin fuskarta ba.
Ƙila ta amsa bayan damina. Ƙila ta manta.

Ran Asabar na je rumfa na ba Baba labari.
Bai ɗago ba, yana ƙirgen zagaye a ƙasan harshe.
"To, fankar mutane za ta daina ƙonewa?"
Na ce tukuna, Baba.
Ko ta tabbata, ƙwaya ce a bakin lu'ulu'u,
ana sakin matsi ta watse.

Ɗari biyu da sha bakwai. Sha takwas.
Ya ɗaure, ya datse da haƙorin filaya.
"Ranar da kika samo ta, rumfar nan ta rufe ke nan."
Ya yi dariya har da tari.
"Yi sauri dai, idon nan ya gaji. Riƙe mini nan."

Na karɓi bakin wayar.
Ba a jona ta da komai ba,
amma da ɗumi a jikinta,
na hannunsa.